Zanen Biro da Alwalar Kwana Uku

Shekara uku da wata huɗu na yi ina jinyar surukata, tun ranar da ɓarin jikinta na dama ya shanye har ranar da Allah ya yi mata rasuwa. Ni nake juya ta, ni nake yi mata wanka, ni nake ba ta kunu da cokali. Da ta rasu sai na rasa abin da zan yi da hannuwana. Nakan tashi da asuba in ɗora ruwan zafi, sai ya tafasa sannan in tuna babu wanda zan gasa wa jiki.

Wata ma'aikaciyar asibitin Shagari ce, wadda takan zo gidanmu a Lambara ta duba tsohuwar, ta kawo mini labarin aikin. Ta ce akwai wata ƙungiya a Boɗinga da take neman matan da za su riƙa shiga gidaje suna kula da tsofaffi da marasa lafiyar da suke kwance. Takardar firamare ta isa, in dai mace ta taɓa yin jinya. Ta ce duk tsawon kwanciyar surukata ba ta taɓa ganin gyambo a bayanta ba, don haka in je in gwada. Amma sai an yi jarrabawa, an kuma auna lafiyar mutum, tunda ba za a tura mai cuta wurin mai rauni ba.

Ni takardar firamaren ce kaɗai da ni, kuma tun da aka ba ni ita tana ƙasan akwati, ba wanda ya taɓa cewa in ɗauko ta. Wannan ne karo na farko da wani aiki ya nemi daidai abin da na iya. Na san in ya wuce ni, ba lalle in sake jin irinsa ba.

Ya kamata in faɗi halina tun yanzu. Ni mutum ce mai yawan wasiwasi. Nakan rufe ƙofar ɗaki in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon. Nakan sa gishiri a miya in tsaya ina tambayar kaina ko na sa. A alwala kuwa abin ya fi tsanani. Tun muna yara malaminmu ya koya mana cewa zuba ruwa kawai ba wanki ba ne, sai an bi gaɓa da hannu an cuɗa, kuma in aka bar wuri ko kamar ƙwayar gero ne ruwa bai taɓa ba, alwala ba ta yi ba. Wannan magana ta zauna mini. Maigidana yakan ce buta ɗaya tana isar maza uku a masallaci, amma ni kaɗai sai na ƙara.

Ranar Litinin muka tafi, ni da taubashiyata, ɗiyar kawuna da take aure a Mandera. Ita ma ta ji labarin ta ce ba za a bar ta a baya ba. Lokacin bazara ne, ana ta kwasar albasa, motar da muka shiga ma rabinta buhuna ne. Tun daga Lambara har Boɗinga tana tsokanata, wai in an ba ni takardar jarrabawa zan karanta ta sau bakwai har a tashi ban rubuta sunana ba.

Kaɗan ya rage maganarta ta tabbata. Aka zaunar da mu a kan bencina a wata rumfa, aka raba takardu. Tambayoyin da Hausa suke, kuma ba su fi ƙarfina ba: sau nawa ake juya wanda ba ya iya motsi, yaushe ake wanke hannu, me za a yi in mara lafiya ya ƙware da abinci. Duk na san su da hannuna. Rubutun ne ya ba ni wahala, don na daɗe ban riƙe biro ba. Sabon biro shuɗi na saya musamman don ranar, na yi ta soke kalma ina sake ta har takardar ta kusa hujewa. Ni ce ta ƙarshe da ta miƙa.

Daga nan aka kai mu wani ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Babbar ma'aikaciyar jinyar da ke kula da gwajin, wadda kowa yake ce wa Sista, doguwa ce mai gilashi, 'yar Sakkwato, ba ta da yawan magana. Ta ɗebi jinina a 'yar kwalba. Sannan ta kama hannuna na hagu ta juya shi, ta yi mini wata ƙaramar allura a cikin fata, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, har wurin ya ɗan tashi kamar cizon sauro. Ta ɗauki baƙin biro ta zagaye wurin. Ta ce wannan gwajin tarin fuka ne, sai bayan kwana uku ake duba shi.

“Kada ki sosa, kada ki goge, kada ki sa mishi komi,” in ji ta. “Ki dawo Alhamis da sahe. Wadda ba a duba nata ba ran nan, ba ta cikin lissahi.”

Na ce to. Akwai mata da yawa a bayana suna jira, ita kuma har ta miƙa hannu ga ta gaba.

Sai da aka kira azahar na gane abin da na shiga. Na ari buta na tsuguna a bayan rumfar, na wanke fuska, na wanke hannun dama har gwiwar hannu. Na ɗaga hannun riga na hagu, sai ga zanen biro yana kallona, a tsakiyar wurin da dole in cuɗa. In na cuɗa, na goge, kuma an ce kada in goge. In ban cuɗa ba, ban yi alwala ba. Na daɗe a tsugune da buta a hannu. Na yi niyyar komawa in tambayi Sista, amma da na leƙa na ga layi har ƙofa, sai kunya ta kama ni. Na ce a raina za ta ce wannan tun ba a ɗauke ta ba ta fara damun mutane. Na koma na zuba ruwa a hankali, na bi gefen zanen da ɗan yatsa ɗaya, na taɓa tsakiyar kamar mai taɓa wuta. Na yi salla raina bai kwanta da ita ba, bai kuma kwanta da gwajin ba.

A mota na gaya wa taubashiyata. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce ita ko tunawa ba ta yi ba, ta wanke nata kamar kullum.

“Ke dai Allah ya yi ki da neman wahala,” ta ce. “In kinka mutu, sai kin tashi kin tambayi masu wanka ko sun cuɗa bayan kunne.”

Na ce mata mutanen Mandera ai dama ruwa bai dame su ba, shi ya sa ba ta san darajarsa ba. Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta wuce baki ba.

Kafin mu isa gida na riga na ƙirga. Daga azahar ɗin Litinin zuwa asubar Alhamis salla goma sha biyar ce. Alwala goma sha biyar a kan zane ɗaya na biro. Ba zai kai ba.

Maigidana ya dawo daga fadama na nuna masa. Ya duba, ya ce ai mai ciwo an yi masa rangwame, yana iya shafawa a kan bandeji. Na ce ai ba bandeji, kuma an hana a sa, ni kuma ba ciwo gare ni ba, lafiyata ƙalau. Ya ce to in yi taimama. Na ce da randa cike da ruwa a tsakar gida? Ya ce to in je in tambayi matar liman, ita ke karantar da mata. Nan ma na ƙi. In na je sai na buɗe hannu, sai na faɗi sunan gwajin. Surukata ta yi tari sosai a watanninta na ƙarshe, maƙwabta duk sun ji. In aka ji an yi mini gwajin tarin fuka, kafin magariba labari zai zama ina da shi, kuma babu wanda zai ƙara cin ƙosai daga hannuna, balle ya bar ni kusa da tsohuwarsa. Ya gaji ya ce, “To ke mi kike so a yi?” Na ce ban sani ba. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Dabarar da na yi wa kaina ita ce in rage yawan alwalar. In na yi ta asuba, in riƙe ta har azahar. In na yi ta la'asar, in riƙe ta har isha. Mai son riƙe alwala kuwa dole ya rage zagayawa, mai son rage zagayawa dole ya rage shan ruwa. Haka na yi. Ranar Talata kurɓa uku na yi da safe, sai kuma bayan isha. A bazarar Shagari, inda ko bango ka taɓa da rana sai ka janye hannu. Ina tsaye a kan murhu ina tuƙa tuwo, gumi yana zuba, ina kauda hannun hagu gefe kada tururi ya taɓa shi. Na daina wanke kwanuka da hannu biyu. Hijabi kuwa ban cire shi ba ko a tsakar gida, don kada wata ta shigo aron turmi ta gani.

Duk da haka zanen yana ta dusashewa. Gumi ya ci rabinsa, ɗan ruwan da nake bi da yatsa ya ci saura. Wurin allurar kuma ya yi ja, yana ƙaiƙayi, ni kuwa ina zaune na danne hannun dama a ƙarƙashin cinya don kada ya kai can da kansa. Jan ya ƙara mini wata damuwar. Na tuna tarin surukata, na tuna yadda nake kusantar da fuskata ga tata in ina ba ta kunu. Sai na fara jin kamar ƙirjina yana nauyi. Na yi tari sau biyu ranar Laraba, kowanne sai da na tsaya na saurare shi.

Da la'asar ɗin Laraba na ɗaga hannun riga ban ga zane ba sam. Sai ɗan ja kawai. Abin da ya zo mini shi ne Sista za ta duba ta ga babu zanenta, ta ce na goge, ta cire sunana. Na shiga ɗaki na ɗauko shuɗin biron da na yi jarrabawa da shi, na zagaye wurin da kaina. Zanen ya fito a karkace kamar ƙwan zabo. Na ƙara bi don in gyara, ya zama biyu.

Ban kai ga ajiye biron ba na fara nadama. Wannan ai ha'inci ne. An ce kada in sa komai, na sa tawada. Kuma zan je in miƙa hannu kamar zanen nata ne. Aikin da nake nema na amana ne, za a bar ni ni kaɗai a ɗaki da wanda ba ya iya magana, ga shi tun kafin in fara na yi ƙarya da biro. Na so in wanke shi, sai na tuna wankewa gogewa ce. Maigidana ya shigo ya same ni zaune da biro a hannu. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya ce ko da yake shi bai yi boko ba, ya san baƙi da shuɗi ba ɗaya ba ne. Sai a lokacin na tuna nata baƙi ne.

Ranar Alhamis na tashi da ciwon kai, leɓɓana sun bushe sun tsage. A mota taubashiyata ta nuna mini nata hannun, fes, ba zane ba komai, tana cin gyaɗa hankalinta kwance. Ta ga nawa ta ce wa ya yi mini lalle da biro. Tun daga Lambara nake shirya maganar da zan faɗa, na yanke cewa zan faɗi gaskiya ko da za a kore ni, don na san in na yi shiru aka ɗauke ni, ba zan taɓa cin albashin da daɗin rai ba.

Da aka kira ni na shiga, ban bari Sista ta kama hannun ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ranki ya daɗe ina da magana. Na faɗa mata komai a jere: yadda na taɓa wurin da ruwa, sau nawa, yadda zanenta ya goge, yadda na sake shi da birona. Na ce in gwajin ya lalace laifina ne, ba na kowa ba.

Ta sauke gilashinta ta dube ni. Ta ce in tashi in zauna a kujera. Ta kama hannun, ta kalli ƙwan zabon nan guda biyu, sai na ga kafaɗunta suna motsi. Dariya take yi ba sauti.

“Baiwar Allah,” ta ce, “ke kina tsammanin mu ba mu salla?”

Na ce a'a, ranki ya daɗe.

“Nima an yi min wagga allura, kuma ban bar alwala ko ɗaya ba. Ruwa ba ya ɓata shi, bin hannu a hankali ba ya ɓata shi. Farce nike nuhi, da soso, da man shafawa. Mi ya hana ki tambaya?”

Na ce na ga mutane da yawa ne. Ta ce ai don tambaya aka ajiye ta a wurin. Sannan ta bayyana mini cewa zanen ba shi ne gwajin ba, tana yin sa ne kawai don ta gane wurin da sauri. Ba jan fata ake dubawa ba kuma, tauri ake nema a ƙarƙashinta. Ta shafa wurin da ɗan yatsa, ta sake shafawa, ta ɗora 'yar rula. Ta ce babu komai, lafiya lau, jinin ma lafiya lau. Ta rubuta a takarda.

Ban san jikina a ɗaure yake ba sai da ya saki. Na ji kamar an sauke mini buhun albasa daga ka. Na ce alhamdulillahi ban san sau nawa ba. Na tashi zan fita, sai ɗakin ya juya, na dafa tebur.

Ta zaunar da ni, ta ja fatar bayan hannuna ta saki, ta kalli leɓɓana, ta tambaye ni rabona da ruwa. Na faɗa mata dabarar riƙe alwalar. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce da na faɗi a hanya fa? Ta ɗebo ruwa a babban kofi ta tsaya a kaina sai da na shanye, ta ƙaro. Ban taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba, ruwan randa ne kawai, da ɗan ƙamshin ƙasa.

Sauran gwajin na aiki ne. An shimfiɗa katifa, wata ma'aikaciya ta kwanta kamar wadda ɓarin jikinta ya shanye, aka ce in juya ta in canza zanen gado ba tare da na ɗaga ta ba. Nan kam ban yi wasiwasi ba. Na naɗe zanen ta gefe ɗaya, na lanƙwasa mata gwiwa, na juyo ta wajena, na sa matashi a bayanta da tsakanin ƙafafunta. Na ma manta ba mara lafiya ba ce, har na ce mata sannu Inna. Ta buɗe ido ɗaya ta ce yauwa ɗiyata, mutanen ɗakin suka yi dariya. Daga ƙarshe Sista ta tambaye ni yadda ake gane mara lafiyar da ba ya samun isasshen ruwa. Na ce leɓe yana tsagewa, kai yana ciwo, fitsari yana yin ja, in ya tashi sai jiri. Ta ce wannan amsar kam na yi mata bita sosai.

Da yamma aka kira sunaye a rumfa. Nawa ne na uku. Taubashiyata ma an ɗauke ta, ta ce da an ɗauke ni an bar ta, da ba ta ƙara taka Lambara ba. A hanyar komawa ta saya mini ruwan leda har biyu, wai kada in mutu mata a mota a ce ita ce. Da na isa gida na cika buta na yi alwalar magariba, na cuɗa hannun hagu yadda nake so, shuɗin biro yana bin ruwa yana sauka ƙasa. Maigidana yana zaune a bakin ƙofa, ya ce yau randa ta shiga uku.

Gidan farko da aka tura ni a cikin Boɗinga ne, wurin wata tsohuwa da ta karye a ƙugu. 'Ya'yanta suka ce ba ta da wata matsala sai ƙin shan ruwa. Sun yi lallashi, sun yi faɗa, sun sa mata sukari a ciki, ta ƙi. Na zauna kusa da ita na ga leɓɓanta, na ga carbi a hannunta, na ga butar da aka ajiye can nesa a bakin ƙofa. Da suka fita na matsa na ce a hankali, “Inna, alwala kike riƙo?”

Ta kalle ni. Sannan ta ce in ta sha sai ta nemi a ɗaga ta, in an ɗaga ta sai an sake mata alwala, ita kuwa ta gaji da wahalar da yara.

Na ce ai don wannan aka turo ni. Na ce ko sau goma ne zan kawo buta da roba har kan gado, kuma ni in na wanke gaɓa ba na barin wuri. Na matso da butar kusa da gadon inda za ta riƙa ganinta. Sannan na tallafo kanta na kai kofin bakinta, ta sha rabi, ta huta, ta shanye sauran.